Rigar Zuwa Fanya

"Kanwa kuma? Haba Lanti! Kanwa har ƙwarya guda?"

"Ai ba a kanka za ta zauna ba, cikin adaka za ta zauna."

"Adakar wa zai ɗauka? Daga nan zuwa tasha, daga tasha zuwa bakin teku, ni ne dai jakin!"

"To sannu da aiki, jakin gidanmu."

Bashiru ya ɗago ya dube ta, yana son ya ɓata rai dariya tana neman ƙwace masa. Yana durƙushe gaban adakar ƙarfen da ya sayo a kantin bakin tasha, ƙulle-ƙulle sun kewaye shi: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, citta, kimba, masoro. Duk abin da ya fitar ya ajiye gefe, da ya juya baya sai Lantana ta mayar.

"Kawu Dalhatu cewa ya yi mu zo da keken ɗinki da tufafinmu. Bai ce mu kwaso kasuwar Gusau ba."

"Kawu Dalhatu namiji ne. Ya san abin da ake zubawa a tukunya?"

"An ce can kifi har ƙyale shi ake yi. Ga kwakwa, ga ayaba, ga..."

"Da ayaba zan kaɗa maka miya?"

"To na ji, kuka da daddawa su tafi. Amma kanwar nan, don Allah mi za ki yi da ita?"

Lantana ta sunkuyar da kai, ta hau gyara bakin wani ƙulli da ba abin da ya same shi.

"Kai dai bar min kanwata, Telana."

In ta ce Telana magana ta ƙare. Ya yi tsaki mara ƙarfi, ya tura ƙwaryar can ƙasan adaka da hannunsa.

Shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyar ce, damina ta ɗauke, ana ta awon gyaɗa a gari. Bashiru tela ne, ɗan Tsafe, amma a kasuwar Gusau ya kafa rumfa. Aurensu da Lantana bai cika shekara ba.

Kawunsa Dalhatu ya daɗe a wani tsibiri can tsakiyar teku, wanda a takarda ake rubuta Farnando Fo, mutane kuwa suke ce masa Fanya. Da kakar nan wani amininsa, Malam Mamman, ya zo ganin gida Tsafe da saƙo a bakinsa. Ma'aikatan gonakin koko sun yi yawa, teloli sun yi kaɗan. Bashiru ya ɗauko kekensa da matarsa ya biyo Malam Mamman in zai koma. An tanadar masa ɗaki, an tanadar masa rumfa. In kuwa bai zo a wannan tafiya ba, wani za a ba.

Tuni Bashiru ya bar wa wani tela rumfarsa ta kasuwa.

Ita kuwa Lantana tun ranar da labarin ya shigo gidan ta hana mijinta sakat. Da gaske akwai dutsen da gajimare ke zama a kansa? Da gaske ruwan teku gishiri ne da shi? In mutum ya tsaya a bakinsa, yana hango ƙasarmu? Duk abin da Malam Mamman ya faɗa a zaure sai Bashiru ya shigo ya maimaita mata, in ya rage wani abu ta ce ya koma ya tambayo.

Sai dai ba don miya ta tara kanwa ba.

Ciki ne da ita, ya shiga wata na huɗu, ba ta gaya wa kowa ba. Kanwar ta kunun jego ce, kayan ƙamshin nan na yajin jego ne. Ita kaɗai ta tsara abinta: a shiga jirgin ruwa tukuna, in ƙasa ta ɓace musu sai ta faɗa masa.

Domin ta san al'ada sarai. Cikin fari ba a haihuwarsa a ɗakin miji. Da zarar an sani za a zo a ɗauke ta, a kai ta garinsu Karakkai wurin mahaifiyarta Iya goyon ciki. Can za ta haihu, can za ta yi wanka, sai jariri ya yi ƙwari sannan a yi zancen dawowa. Kafin nan Malam Mamman ya daɗe da tafiya, Bashiru yana biye da shi.

Haka aka yi wa Iya. Tana goyon cikin Lantana mijinta ya tafi Kumasi fatauci, ya ce kafin suna ya dawo. Lantana ta girma, ta yi aure, ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba.

Riga ce ta tona mata asiri.

Takardar tafiya sai da hoto, Bashiru kuwa ya rantse matarsa ba za ta tsaya gaban mai hoton Sabon Gari da tsohuwar riga ba. Ya samo yadi shuɗi mai ɗigon fari, ya zauna ya ɗinka mata. Bai ko auna ta ba. Awonta yana kansa tun ɗinkin kayan aure.

Riga ta ƙi shiga.

Ya warware, ya saki gefe-gefe, ya sake ɗinkawa. Da hantsin ranar da za su je wurin mai hoto ta shiga ɗaki ta saka da ƙyar, tana fitowa tsakar gida ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, sai ji kake ɓarrr! Ɗinkin ƙasan hammata ya ɓalle.

"Inna lillahi!" Bashiru ya dafe kai. "Wai mi ke damun hannuna ne? Ni da ake layi a rumfata!"

"Yadin ne ba shi da kyau," in ji Lantana da sauri.

"Yadin lafiyarsa lau! Ni na zaɓe shi!"

"To zaren ne."

"Lanti, kada ki zagar min zare!"

Gwaggo Ma'u, ƙanwar babansa da ke zaune tare da su, tana gindin bango kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai tela, zo nan."

"Na'am, Gwaggo."

"Mutum nawa ka auna?"

"Mutum ɗaya mana."

"To shi ya sa. Ka auni mutum guda, kana son ka tura mutum biyu ciki."

Bashiru ya tsaya da almakashi a hannu.

"Gwaggo, ban gane ba..."

"Ina za ka gane, kai da keke kaɗai ka sani? Yarinya ta ƙi ƙamshin man shanu, tana tsotsar tsamiya kamar ba gobe, ta tara kanwar da za ta ishi unguwa. Ni tun watan jiya nike kallonta, na yi shiru in ga iyakar wayonta. To wayo ya ƙare, riga ta yi magana. Yau ɗin nan zan aika Karakkai."

Lantana ta rufe fuska da hannu biyu, ta faɗa ɗaki a guje.

Ya same ta zaune a bakin gado ta ba ƙofa baya. Ya durƙusa a gabanta, ta juya wancan gefe. Ya zagaya, ta sake juyawa.

"Lanti... da gaske ne?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Dube ni mana, hasken idona. Ko kai ki gyaɗa min."

Ta gyaɗa, kaɗan.

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Ni Bashiru?" Ya yi dariya, ya kama hannunta ya ɗora a fuskarsa. "Ni ina nan ina zagin hannuna, ashe... ashe..."

Sai idonsa ya faɗa kan adaka. Dariyar ta tsaya. A hankali ya saki hannunta.

"Kanwar nan. Kin sani ke nan tun muna haɗa kaya."

Ta kau da kai.

"Sai yaushe za ki gaya min?"

"Sai cikin jirgin ruwa."

"Cikin jirgin ruwa!" Ya miƙe tsaye. "Lantana, kin san hanyar nan kuwa? Kwana da kwanaki kan bencin jirgin ƙasa! Zariya, Kafanchan, Inugu, Fatakwal, daga nan a nemi Kalaba, sannan a hau teku! In wani abu ya same ki a hanya ban sani ba, mi zan ce wa Iya? Mi zan ce wa Allah?"

"In na faɗa fa? Ka san inda za a kai ni!"

"To sai mi? Haka ake yi wa kowa!"

"Kai kuma ka tafi."

"Ai ba zama zan yi ba! In je in kama rumfar, in ga yadda wurin yake, in dawo in ɗauke ki. In Allah ya so ma kafin..."

"Kada ka ƙarasa!"

"Kafin su..."

"Na ce kada ka ƙarasa!" Ta miƙe ita ma, hawaye na zuba. "Haka shi ma ya ce!"

Bashiru ya sassauta murya.

"Ni ba babanki ba ne, Lanti."

"Shi ma ba mugu ba ne! Je ka Karakkai ka tambaya, kowa cewa yake mutumin kirki ne. Hanya ce ta riƙe shi. Kumasin da ake zuwa da ƙafa ke nan, balle inda ruwa ya kewaye ko ta ina!"

"Shi ne za ki ɓoye min ɗana?"

"Shi ne zan bi ka duk inda za ka! Laifi ne?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, har labule na binsa.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ba daɗi. Adaka na nan buɗe a tsakar ɗaki, ba mai sakawa ba mai cirewa, kowa sai ya zagaye ta ya wuce. In ta kawo masa tuwo sai ya ci loma kaɗan ya ture. In ya ce mata sannu sai ta amsa wa bango.

Ya hau mota ya tafi Tsafe ya roƙi Malam Mamman ya ɗaga tafiyar. Malam Mamman ya tausaya masa, ya yi masa barka, ya ce amma shi ma yaran wani ne a can, ranar da aka sa masa ba ta ɗaguwa.

Ya dawo ya nufi kasuwa da niyyar ya nemi rumfarsa. Ya tarar sabon telan har ya sake rufi, ya rataye riguna, yana ta yi masa godiya da addu'a a gaban mutane. Bashiru ya ce amin, amin, ya juyo.

"Ka samu?" Lantana ta tambaye shi da ya shigo. Ita ce maganar farko da ta fara yi masa tun ranar.

"Ban tambaya ba."

"Don mi?"

"Da wane baki?"

Ta kawo masa ruwa a moɗa. Ya karɓa, ya riƙe hannunta tare da moɗar.

"Kin gama da ni, Lanti. In na tafi ba ni da kwanciyar rai, in na zauna ba ni da wurin zama."

"Ka tafi da ni kawai, Telana. Mu gudu da sassafe kafin Iya ta zo."

"In saci 'yar mutane da ciki? In Iya ta yi min baki fa?"

Ta fizge hannunta, ruwan ya zube a ƙasa.

Washegari da hantsi Iya ta iso, a bayan motar gyaɗa daga Bungudu, da ɗan ƙunshinta a ka. Doguwar mace ce siririya mara yawan magana. Tun rasuwar mijinta na biyu take zaune a gidan yayanta, tana ƙuli-ƙuli tana kiwon awaki, ƙanen Lantana Sabiru yana yi mata noma.

Lantana 'yar fari ce, saboda haka Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma yi mata magana kai tsaye in da mutane. Bashiru kuwa suruki ne, ba ya haɗa ido da ita. Yana jin sallamarta ya tuɓe takalmi, ya je bayan zanan da ya kare ƙofar zaure ya durƙusa, ya gaishe ta daga can.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Iya a wannan gefe, Lantana a wancan ta sunkuyar da kai, Gwaggo Ma'u a tsakiya. Aka gaisa, aka tambayi gida da awaki da amfanin gona. Iya ta sha ruwa ta ajiye ƙwarya.

"Ma'u, ki gaya wa waccan ta ɗaure kayanta. Motar la'asar za mu bi."

"To kin ji," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ki ce wa Iya don Allah ta yi haƙuri... ni lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Ta bar ni in bi shi."

"Iyar Sabiru, wai ki bar ta ta bi shi."

"Na ji ai, ba kurma nike ba." Iya ta gyara zama, tana kallon bango. "Ma'u, tambayi waccan. Can tsakiyar ruwa, wa za ya tashi da asuba ya hura mata wuta? Wa za ya dafa ruwan wanka safe da maraice? Wa za ya dama mata kunu, wa za ya dafa mata kauri? Ko mijin ne za ya aje keke shi ɗauki ganye shina fyaɗa mata?"

Daga bayan zana aka ji tari.

"Akwai matar Kawu Dalhatu," Lantana ta ce a hankali.

"Wace matar?" Gwaggo ta karɓe tun ba a aike ta ba. "Matar Dalhatu 'yar can ce, ko Hausa ba ta ji sosai. Mamman ya ce su da sun haihu ruwan sanyi suka shiga."

"Ruwan sanyi!" Iya ta dafe ƙirji. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Haihuwar fari da ruwan sanyi? So take sanyi shi shige ta, ta kumbura, a aiko mini da labari? Ma'u, ki ce mata ta tashi."

"Gwaggo!" muryar Bashiru ta fito daga bayan zana. "Ki ce wa Iya ni na fasa. Ba ni zuwa ko'ina. A kai ta Karakkai, ina nan Gusau, duk Juma'a ina zuwa."

"Gwaggo, ki ce masa bai isa ba!" Lantana ta ɗago a karo na farko. "Ina rumfar? Keken a ka zai riƙa yawo da shi ƙauye-ƙauye?"

"Gwaggo, ki ce mata in ta kama zan yi!"

"Ki ce masa ni ba zan zauna ina kallonsa yana ramewa ba, kullum ya dube ni ya tuna ni na tare masa hanya!"

"Ki ce mata ban taɓa cewa..."

"Ki ce masa ba sai ya faɗa ba!"

"Ma'u, ki ce masu su biyun..."

"Kai! Ya isa!" Gwaggo ta buga cinya. "Ni wayar tangaraho ce? Kuna zaune gida guda, kowa na jin numfashin kowa, ki ce mata, ki ce mashi, ki ce masu! Bakina ya gaji. Wanda ke da magana shi faɗi abinshi, Allah ya ba kowa kunne!"

Can nesa jirgin kaya ya yi kuka a tasha.

Lantana ta dubi zanan da mijinta ke bayansa. Ta ƙasan zanan tana hango ƙafafunsa, babu takalmi, yatsun sun dunƙule a ƙasa. Mutumin da ya yi wata guda yana lallaɓa kekensa da mai da tsumma saboda iskar teku, yau shi ne yake cewa zai ɗora shi a ka ya bi ƙauyuka.

Ta share fuska da bakin gyale.

"Shi ke nan," ta ce. "Zan bi Iya. Shi kuma ya tafi. Kada ya fasa saboda ni, in ya fasa ban yafe ba."

"Lanti..." ya manta da surukuta, sunan ya kuɓuce masa.

"Ka tafi, Telana. Allah ya tsare hanya."

Ta shiga ɗaki. Suna jin ƙarar murfin adaka, suna jin tana fitar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, tana jan hanci. Can ta fito da zane ta shimfiɗa a bakin ƙofa, ta hau jera tufafinta a kai. Ta kasa haɗa bakin ƙullin. In ta kama wannan kusurwa sai waccan ta zame.

Gwaggo ta ga abin ya yi nauyi, ta ce bari ta sassauta.

"Haba ke kuwa, bar kuka. Kamar yau ne. Kahin ki gama wanka ya dawo ya ɗauke ki."

Iya ta juyo da sauri ta dubi Gwaggo, kamar an taka mata ƙafa. Sannan ta dubi zana. Sannan, abin da ba ta saba ba, ta tsaya tana kallon 'yarta, ta daɗe tana kallo.

"Har yau," ta ce, ba da kowa take ba, "in mota ta tsaya bakin hanya, sai na ɗaga kai."

Lantana ta bar ƙullin, ta kifa kai a gwiwa.

Iya ta ɗauki ƙwarya ta kurɓi ruwa, ta ajiye. Ta kakkaɓe zanenta duk da ba abin da ya hau shi.

"Ma'u."

"Na ce na gaji da aike."

"Wanga na ƙarshe ne. Tambayi wancan na bayan zana, can garin nasu akwai itace?"

"Itace?" Bashiru ya amsa da mamaki. "Malam Mamman ya ce kurmi ne ko'ina, itace ba a ma sayensa."

"Babbar tukunya fa, wadda za ta ci tulu huɗu?"

"Ban sani ba... amma inda jirage ke tsayawa ba a rasa duro."

"Akwai masallaci? Ana jin kiran salla?"

"Akwai, Iya. Akwai unguwar Hausawa, da limaminsu."

"Tsamiya fa, ko runhu?"

"Wannan ban tambaya ba."

"Ba komi. Ganye in ya bushe ba shi da nauyi."

Gwaggo ta ajiye gyaɗar da ke hannunta, ta ƙura wa Iya ido.

"Iyar Sabiru, mi kike nuhi?"

"Abin da kinka ji."

"Ke? Ke da ko jirgin ƙasa ba ki taɓa shiga ba? Ke da in gulbi ya kawo sai ki fasa cin kasuwar Bungudu don kada ki hau kwalekwale?"

"Sai in ruhe ido."

"Teku hwa anka ce! Ba wuni guda ba ne!"

"Sai in daɗe da ruhewa."

"Mutane su ce mi? Ina anka taɓa goyon ciki a bariki, barikin ma na bayan ruwa?"

"Cewa anka yi ta haihu gaban uwatta, ta yi wanka a hannun uwatta. Ni ban ji inda anka ce sai ƙasar Karakkai ba."

"Awakinki fa? Sabiru fa? Yayanki ya yarda?"

"Awaki a kai su kasuwa. Sabiru ya yi gemu. Yayana kuwa ni zan yi mashi magana, ya san abin da na gani."

Lantana ta ɗago kai a hankali. Ta dubi Gwaggo, ta dubi mahaifiyarta. Ta rarrafo a kan gwiwa har gaban Iya, ta kama ƙafafunta, ta fashe da kukan da ta daɗe tana dannewa.

"Iya... Iya, ruwan fa... kina tsoro..."

Iya ba ta dube ta ba. Ta kau da kai wajen bango, idonta ya cika taf, amma hannunta ya sauka a kan 'yarta ya zauna.

"Ma'u, ki ce wa waccan ta bar jiƙa mini zane."

Bayan zana ba a jin komai sai shessheƙar namijin da ke ƙoƙarin kada a ji shi.

Iya ta ɗaga murya, yadda ba sai an isar wa kowa ba.

"Wanda ke bayan zana shi tashi shi tahi Tsafe tun rana ba ta yi ba. Shi ce wa Mamman a ƙara wuri. Ba a raba su ina raye. Ni za ni dafa ruwan nan, ko a tsakiyar tekun ne. Da ni za a tahi!"